Tayar tirelar shiga daji: ta mota, ta bas, ST ko Beljiyam, wacce zaka saka?

Kwanan nan ina ta ganin irin ƙananan tirelolin nan da ake ja da Hilux ko Prado a cikin garin nan, wasu a nan Kano masu walda suke haɗa su, wasu kuma daga waje ake shigo da su da gadonsu da ɗan kicin da tankin ruwa. Ba babbar tirela ta siminti nake nufi ba, wacce mutum zai loda tanti da katifa da janareta ya tafi Yankari ko bakin dam ɗin Tiga ko gonarsa mai nisa ya kwana biyu, ko ta ma'aikatan safiyo da masu haƙar burtsatse da suke yin sati da sati a daji. Abin da yake damuna shi ne zakaga mutum ya kashe kuɗi sosai a jikin tirelar, fenti mai kyau, sola a sama, firji a ciki, amma da ka duba ƙasa sai kaga tayar Corolla ce ko wata tsohuwar da aka cire daga motar gida aka maƙala mata, wai ai tirela ba inji gareta ba, janta kawai ake yi. Wallahi wannan tunanin haɗari ne, domin duk nauyin nan a kan tayoyi biyu kacal yake zaune, kuma idan ɗaya ta fashe kana kan gudu ba tirelar kaɗai zata yi gefe ba, har motar da iyalinka suke ciki zata fizga.

Kafin ma a zo maganar wace iri, sai ka san nauyin da zaka ɗora, kuma anan ne yawancinmu muke yin kasala. Mu ɗauka tirelarka babu komai a ciki kilo 900 ce. Ka cika tankin ruwa mai lita 300, wannan kilo 300 kenan don lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, janareta kamar kilo 80, manyan batiran sola guda biyu kusan kilo 120, tukunyar gas a cike kamar 30, sai tanti da katifu da buhun shinkafa da kula da kujeru da sauran tarkace mu ce 220. Ka ga an kai kilo 1,650 ba ka ma lura ba. Ƙa'idar lodi ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin ya sauka a kan ƙugiyar bayan mota, to mu ce 165 ya tafi can, saura 1,485 a kan aksil ɗaya, kowace taya ta ɗauki kilo 740 da ɗoriya. Kuma wannan lissafin idan lodin ya daidaita ne, amma idan tankin ruwa da batira duk a gefe ɗaya suke to tayar gefen zata iya ɗaukar fiye da haka sosai. Idan kana da hali ka loda ta tsaf yadda zaka yi tafiya da ita ka kai gurin da ake auna manyan motoci, irin ma'aunin da kamfanoni suke dashi a Sharaɗa da Bompai, ka roƙi arziki ko ka biya su auna maka, ya fi kintace nesa ba kusa ba.

Toh yanzu ka sunkuya ka karanta gefen taya. Bayan lambar girma akwai wata lamba da harafi, misali 195/65R15 91H. Wannan 91 ɗin ba ado bane, shi ne yake gaya maka iya nauyin da tayar zata ɗauka, kuma 91 tana nufin kilo 615. Idan 95 ce kilo 690, 100 kilo 800, 104 kilo 900, 106 kilo 950, 110 kilo 1,060, 113 kilo 1,150, 117 kuma kilo 1,285. Harafin kuma na gudu ne, L kilomita 120 a awa, M 130, N 140, R 170, H 210. Mutane sun fi ɗaukar harafin gudu da muhimmanci don su ce tayata mai 210 ce, amma a tirela lambar nauyi ce abin dubawa, ba wanda zai ja ɗaki guda a bayansa yana gudun 200.

Mu fara da tayar ƙaramar mota tunda ita ce mafi sauƙin samu kuma mafi araha. Wannan 195/65R15 ɗin mai kilo 615, a ƙa'idar masu yin taya ta Amurka idan zaka sa tayar ƙaramar mota a tirela sai ka raba nauyinta da 1.1, kaga ta koma kusan kilo 560 kenan. Kai kuma kana neman ɗora mata 740. Tun kafin ka wuce gadar Wudil ta riga ta wahala. Kuma matsalarta ba nauyi kaɗai ba ce, an yi gefenta da laushi ne don mai mota ya ji daɗin zama kada ya ji gargada, shi kuma wannan laushin a ƙarƙashin tirela mai tsayi shi yake sa ta dinga lilo dama da hagu, musamman idan babbar mota ta wuce ka da iska ko kana gangara. Ni dai a ganina tayar ƙaramar mota ba ta da gurbi a ƙarƙashin tirela mai nauyi, ko sabuwa ce dal a leda. In ɗan akwati ne na ɗaukar kilo 300 ko 400 zuwa gona ba laifi, amma wannan ba shi muke magana ba.

Sai ST. Wannan ita ce wacce aka yi takanas domin tirela, zakaga an rubuta ST a gaban lambar, kamar ST205/75R15 ko ST225/75R15, kuma idan tirelarka daga Amurka ta zo kusan tabbas ita zaka tarar a jiki. Gefenta yana da tauri don kada tirela tayi lilo, kuma tana ɗaukar nauyi fiye da tayar mota mai girmanta. Misali ST225/75R15 mai ajin D, wato filai takwas (filai ma'aunin ƙarfin jikin taya ne), tana ɗaukar kilo 1,150 a iska 65 (PSI, lambar da gejin mai faci yake nunawa), mai ajin E filai goma kuma kilo 1,285 a iska 80. Ita kuma ST205/75R15 mai ajin C filai shida kusan kilo 825 ne a iska 50, kaga girman wili ɗaya ne inci 15 amma banbancin nauyin ya kai ɗaruruwan kilo, shi yasa cewa mai shago "bani taya sha biyar" kawai bai isa ba. A da yawancin ST an ƙayyade musu gudun mil 65 ne a awa, wato kusan kilomita 105, amma sababbin da ake yi yanzu sun ƙaru, Goodyear Endurance da ta fito a 2017 harafin N ne da ita wato 140, akwai kuma Maxxis M8008 da Carlisle Radial Trail HD da masu tirela a can suka sani sosai.

A takarda dai ST ce ta dace. Amma mu a Kano muke, kuma anan ne nake rabuwa da masu cewa lallai sai ita. Ka zaga masu taya a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa kace ST kake nema, da yawa sai ka yi musu bayanin mece ce ma tukunna, domin ba kayan da kasuwarmu take ja bane. Wanda ya samo maka kuma sai ka bincika sosai, don kayan da ba a yawan tambaya shi ne yake daɗewa a sito. In kuma oda zaka yi daga waje to ka shirya kuɗin dala da jira. Sannan ka tambayi kanka, idan ta fashe maka tsakanin Birnin Kudu da Ningi ka sa safaya, ita ma safayar ta samu matsala, a ina zaka samu wata? Kuma ST ba a sa ta a motar da take ja, an hana, to ba zata taimaki Hilux ɗinka ba idan ita ce ta shiga matsala. Wanda yake da hanyar samunta sabuwa kuma zai sayi har da safaya biyu, bismillah taya ce mai kyau. Wanda bashi da wannan hanyar kada ya ɗaure kansa da ita.

Wacce ni nake ganin ta fi dacewa da yawancin mutanenmu ita ce tayar bas, mai harafin C a ƙarshen lambar, irin 195R15C ta Hiace, ko 195R14C, ko 205R16C da ake sa wa Hilux. Dubi 195R15C 106/104, filai takwas, kilo 950 kowace ɗaya a iska 65. A lissafinmu na ɗazu da kowace taya take ɗauke da 740, kaga akwai rarar kilo 200 da wani abu, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinta ba a taɓa shi ba, kuma irin wannan rarar nake so mutum ya bari saboda zafinmu da ramukan hanyarmu. Ita 205R16C 110/108 kuma kilo 1,060 ce. Wani abu da yake rikita mutane, lambobi biyun nan, ta farko ta tayar da take ita kaɗai ce a gefe, ta biyun kuma idan an jera biyu a manne kamar bayan Canter. Ko aksil biyu tirelarka take dashi, ɗaya gaba ɗaya baya, lambar farko ce taka.

Dalilin da yasa nake son tayar bas a fili yake. An yi ta ne don lodi da doguwar tafiya a zafi, gefenta ya fi na ƙaramar mota ƙarfi nesa, kuma duk garin da yake da tasha zaka samu girmanta domin motocin haya da ita suke yawo, daga Unguwa Uku har Bauchi har Maiduguri. Kowane mai faci ya santa. Tunda kuma ana yawan sayenta, samun wacce ba ta daɗe da fitowa daga kamfani ba ya fi sauƙi. Akwai Michelin Agilis da Bridgestone Duravis ga mai ƙarfin aljihu, akwai Maxxis da GT Radial a tsakiya, akwai kuma na China irin su Triangle da Westlake da Linglong. Ni bana cikin masu raina tayar China gaba ɗaya, kamfanoni ne manya da suke sayarwa duniya, sabuwar tayarsu mai lambar nauyi da ta isa ta fi min tsohuwar taya mai babban suna sau goma. Wacce nake gudu ita ce mai sunan da ba wanda ya taɓa ji, rubutun jikinta ma a karkace. Inda ST ta ɗan fi tayar bas shi ne a wili inci 15 ɗin akwai masu ajin D da E da muka gani ɗazu da suka fi ɗaukar nauyi, to idan tirelarka ta haura tan biyu a kan aksil ɗaya 195R15C ba zata isa ba, kada ka matsa mata.

In nauyin ya kai haka zaɓi uku ne a gabanka. Ko ST mai ajin E, ko ka koma tayar LT ta manyan a-kori-kura irin 7.50R16 da ake sa wa Land Cruiser da Canter wacce ita ma ko'ina akwai ta, ko kuma ka koma gurin mai walda a ƙara aksil na biyu nauyin ya rabu gida huɗu. Ni na fi karkata ga ƙarin aksil idan tirelar doguwa ce, saboda ko taya ɗaya ta tafi sauran ukun zasu riƙe ka har ka samu ka gangara gefe. Sai dai ka sani aksil biyu yana goge taya a kwana mai tsanani, idan kana juyawa a lungu zakaga tayoyin suna jan ƙasa ta gefe, anan ma taya mai gefe mai tauri ce take jurewa. Ita 7.50R16 kuma tana da tsayi, sai ka tabbatar akwai fili tsakaninta da madigadi ko da sifirin ya danne da lodi, in ba haka ba ƙarfe ne zai dinga yankarta a duk rami.

Akwai dabarar da masu shiga daji sosai suke yi wacce nake ganin hikima ce, su sa wa tirela wili da taya iri ɗaya sak da na motar da take ja, kaga safayar mota ta zama ta tirela, ta tirela ta zama ta mota. Hilux da Hiace ta zamani yawanci noti shida ne, amma kada ka tsaya a ƙirga noti kawai, a gwada wilin a jiki a ga ramin tsakiya ya zauna kuma bai taɓa sifirin ko bodi ba. Kuma a kula, ba kowace taya da take jikin Hilux ce tayar lodi ba. Da yawa daga cikin masu 265/65R17 112 ɗin nan ginin tayar ƙaramar mota ne da su, in ba kaga LT ko C a jiki ba to ka raba kilo 1,120 ɗin da 1.1 kamar yadda muka yi ɗazu, sai ya dawo kusan 1,020. Maganar manyan zane irin na taɓo kuma, tayar tirela ba ita take tura mota ba, to zane mai ƙato ba zai fitar da kai daga laka ba, sai ƙara da zafi a kwalta. Zane matsakaici na kwalta da burji ya wadatar, amfaninsa shi ne jure dutse da ƙaya da kututturen gona.

Mai waya ko mai zare? Idan kaga R a lambar mai waya ce, idan D ce ko ɗan layi kawai kamar 7.50-16 to mai zare ce. Mai zare gefenta yana da kauri tana jure duka a hanyar daji a hankali, amma a doguwar kwalta ta fi ɗaukar zafi kuma ta fi saurin cinyewa. Tunda duk inda zaka je daga Kano sai ka yi awanni a kwalta kafin ka sauka burji, mai waya ce zaɓina. Kada dai a haɗa iri biyun a aksil ɗaya. Tiyubles kuma ta fi mai tif aminci don idan ƙusa ta shiga a hankali iskar take fita, mai tif kuwa lokaci ɗaya take iya saki.

Yanzu Beljiyam, wato tayar gwanjo, wacce nasan nan ne hankalin mutane da yawa yake saboda halin da ake ciki, kuma bana ganin laifin kowa, tunda Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007 Dunlop ma ta daina yi a Legas a 2008, taya ta zama kayan shigowa da ita, dala ta motsa ita ma ta motsa. Amma duk da haka gaskiya ɗaya ce, tayar gwanjo ba ka san tarihinta ba. Ba ka san ko an taɓa tafiya da ita babu iska wayoyin ciki sun karye ba, ba ka san ramin da ta daka ba, kuma wannan lalacewar daga waje ba a ganinta. Wasu ana cusa taya uku huɗu a cikin guda ɗaya don a rage kuɗin kwantena, bakin da yake kama wili ya lanƙwashe, hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kama irin waɗannan har da sababbi ma. Wasu kuma tayoyin sanyi ne na Turai, zakaga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, robarsu mai laushi ce an yi ta don lokacin sanyinsu, ka kawo ta kwaltar Kano a watan Afrilu da zafi yake haura digiri 40, ai ba gurinta bane. Akwai kuma wacce ta suɗe aka sake sassaƙa mata zane da wuƙa aka shafa baƙin mai tana sheƙi. Dama kuma shigo da tsofaffin tayoyi irin waɗannan yana cikin jerin abin da kwastan ta hana. A motar da kake yawo cikin gari daga Zoo Road zuwa Kantin Kwari mutum zai iya cewa zai lallaɓa, amma a ƙarƙashin tan ɗaya da rabi a hanyar Falgore, inda ba gurin tsayawa canjin taya bane idan yamma tayi, ni bazan baka wannan shawarar ba.

Ko sabuwa zaka saya sai ka duba ranar haihuwarta. Ka nemi inda aka rubuta DOT a gefe, a ƙarshen layin akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, misali 2523 tana nufin sati na 25 a shekarar 2023. Wani lokacin a gefe ɗaya kawai ake bugawa, to ka sa a juya maka ita. Idan lambobi uku ka gani to kafin shekarar 2000 aka yi ta, ka ajiye musu kayansu. Ka shafa gurin da yatsa, in kaga alamar an kankare ko robar gurin ta bambanta da sauran jiki ka haƙura da ita. Hukumar kiyaye haɗura ta FRSC ta daɗe tana wa'azin kada taya ta wuce shekara huɗu, su kuma kamfanoni irin Michelin cewa suke daga shekara biyar a dinga kai ta ana dubawa duk shekara, kuma ko yaya take kada ta wuce goma. A tayar tirela ni ina tare da masu gajeren lissafi, shekara huɗu zuwa biyar a canza, kuma ga dalili. Tirela zama take yi, wata uku wata huɗu tana tsakar gida ko ƙofar gida rana tana dukanta, zanen yana nan kamar sabo amma robar ta bushe, in ka duba gefe da cikin zanen zakaga ƙananan tsaga. Tayar tirela tsufa ne yake kashe ta tun kafin zanen ya kai mizanin milimita 1.6 ɗin da ake cewa a cire, shi yasa "ai zanenta bai taɓu ba" ba hujja ba ce. Kuma kada ka tsaya neman rubutun ajin zafi na A ko B ko C da ake cewa a duba, wannan a tayar ƙananan motoci ake buga shi, rashinsa a tayar bas ko ST ba aibu bane.

Duk tayar da ka zaɓa iska ce take ɗaukar lodin, ba robar ba. Kilo 950 ɗin da aka rubuta a tayar bas sai a iska 65 take bada shi, idan mai faci ya sa mata 35 ko 40 irin na motar gida saboda abin da hannunsa ya saba kenan, to ka koma gidan jiya, ƙarfinta ya ragu sosai. Taya mai ƙarancin iska gefenta yana lanƙwasawa yana miƙewa a kowane juyi, kamar yadda in ka kama waya kana lanƙwasa ta gaba da baya zakaji tayi zafi har ta karye, haka yake faruwa a cikinta har roba ta rabu da waya ta tarwatse. Mutane suna tsoron wai iska da yawa ce take fasa taya a lokacin zafi sai su rage, alhali ƙarancin iska da obalodi da gudu su ne suka fi fasa ta. Ka sayi geji naka na kanka mai kai 100, ka auna da safe kafin a motsa, ka bi abin da aka rubuta a farantin jikin tirelar, in haɗin gida ce babu faranti kuma lodinka ya kusa iyakar tayar to ka bi wanda yake gefen tayar. In ka tsaya a hanya ka auna kaga ta ƙaru da huɗu ko biyar, haka ake so, zafi ne, kada ka sace iskar. Abu ɗaya da ake mantawa, bawul ɗin roba na yau da kullum iyakarsa 65 ne, in zaka hau 80 sai an sa mai ƙarfi ko na ƙarfe, kuma wilin ma ya zama wanda zai iya ɗauka, ba wilin ƙaramar mota aka huda aka daidaita ba.

Gudu kuma, ko da harafin tayar ya ce 140 ko 170, da tirela a baya ni 80 ta ishe ni, a zafin rana ma ƙasa da haka. In Yankari ka nufa ka fita da asuba, ka tsaya a Wudil ka sake ɗaure notina musamman in kwanan nan aka cire wilin, ka ɗora bayan hannu a kan kowace taya da kan boris. Ɗumi ba komai, amma in ɗaya ta fi 'yar uwarta zafi sosai akwai magana, ko iska tana fita, ko birki yana kamawa, ko boris ya bushe babu giris, kuma boris ɗin da ya ƙone yana iya cire wilin gaba ɗaya komai kyan tayar. Ka sake dubawa a Bauchi kafin ka kama hanyar Dindima. In ka sauka yashi ka rage iska don ka wuce, to ka tabbata kana da ɗan famfon da ake jonawa a batir ka mayar da ita kafin ka hau kwalta. Facin da aka yi a kan zane in daga ciki aka yi shi da kyau ana iya tafiya dashi, amma yanka ko kumburi a gefe ba ya faci, ko mai faci ya rantse maka zai riƙe, a cire ta.

Safaya ta zama iri ɗaya da na ƙasa, girma ɗaya lambar nauyi ɗaya, ba wata ragowa ba, ita ma a dinga auna iskarta. Ka gwada jak ɗinka da wil sifana a jikin tirelar tun a gida tana da lodi, don sau da yawa na motar baya shiga ƙarƙashinta ko notin ba girma ɗaya bane, ka ɗauki guntun katako mai kauri na ɗora jak a yashi. In kun dawo kuma zata daɗe a ajiye, a sauke ruwan tanki da kaya masu nauyi, a samu inuwa ko a rufe tayoyin da tamfol ko buhu, a sa katako a ƙarƙashinsu kada su zauna a cikin ruwa ko inda baƙin mai ya zuba, a ɗan gangara da ita duk bayan 'yan makonni don kada guri ɗaya ya yi ta ɗaukar nauyin. Kada kuma a bari yaran wankin mota su shafa musu gas ko baƙin mai don sheƙi, yana cin roba.

In ka tambaye ni a taƙaice me zan saya da kuɗina, tirela mai aksil ɗaya da nauyinta da lodi bai wuce kilo 1,700 ba, sabuwar 195R15C mai 106 guda uku har da safaya, in Hilux mai wili 16 ce take ja kuma 205R16C don su yi musaya. Daga tan biyu zuwa sama, ƙarin aksil da tayar bas guda huɗu, ko 7.50R16 mai waya, ko ST mai ajin E ga wanda yake da tabbacin samunta sabuwa. In kuɗin bai kai na manyan suna ba a sauko kan na tsakiya ko na China da aka sani, amma kada a sauko a lambar nauyi ko a shekara. Kuma ka je shagon da kanka ka karanta gefen kowace ɗaya kafin a ɗaura, ka karɓi rasit mai ɗauke da suna da girma da lambar satin, kada ka aiki yaro da kuɗi kace ya sayo taya sha biyar.